Laima Ta Taɓa Kayan Ginin Da Na Ajiye: Tambayoyi Da Amsoshi

Daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba, kusan tambayoyi iri ɗaya ake yi min. Mutum ya samu 'yan kuɗi da rani, ya ji ana rade-radin siminti zai tashi, ya je ya kwaso ya jibge a kangon gininsa ko a zaure. Sai hidimar Sallah ta taso, ga kuɗin makarantar yara, aiki ya tsaya, damina kuma ta sauka. Ranar da ya buɗe ɗakin sai ya tarar an yi gudun gara an faɗa wa zago. Na tattaro tambayoyin da aka fi maimaitawa, na amsa gwargwadon abin da na gani a wurin aiki.

Ɗakin da na ajiye siminti ba ya yoyo, ruwa bai taɓa buhunan ba, amma na tarar sun yi gudaji. Ta ina ruwan ya shiga?

Ta iska, ta ƙasa, ta bango. Mutane da yawa suna ɗauka siminti bushewa yake yi kamar laka, shi ya sa yake tauri. Ba haka ba ne. Haɗuwa yake yi da ruwa, su sarƙe su zama wani abu dabam, kuma in sun haɗu ba sa rabuwa har abada. Ba sai an zuba masa ruwa da bokiti ba. Danshin da ke cikin iskar Agusta ma ya isa ya fara wannan aiki a hankali. Buhun ba kwalba ba ne, yana numfashi.

Mafi munin wurin ajiya shi ne wanda kowa ya fi so, wato sabon gini da ba a gama ba. Daɓensa yana tsotso laima daga ƙasa, bangon bulo da ba a yi wa filasta ba yana shan ruwan da iska ke kaɗo masa, tagogi kuma a buɗe. Kwantena da ɗakin kwano su ma suna da nasu: da rana su yi zafi, da asuba ƙarfen ya yi sanyi ya yi gumi, gumin ya riƙa ɗiga kan buhunan sama. Shi ya sa in ka duba za ka ga ɓarnar ta fi yawa a layin ƙasa, da gefen da ya jingina da bango, da layin da ke can sama.

To yaya zan bambance wanda ya mutu da wanda yake da sauran rai?

Kada ka yanke hukunci da taɓa buhu daga waje. Buhun da ya daɗe a ƙarƙashin wasu yakan danne ya yi kamar dutse saboda nauyi kawai. Sauke shi, ka mirgina shi a ƙasa sau biyu ko uku. Idan ya saki jiki ya koma laushi, danniya ce, ba abin da ya same shi.

Idan bai saki ba, farke shi ka cusa hannu har tsakiya. Lafiyayyen siminti yana da sanyi-sanyi a hannu, yana da santsi tsakanin yatsu kamar garin fulawa. Ɗauki gudajin da ka samu ka matsa tsakanin babban yatsa da manuniya. Wanda ya ruguje ya koma gari nan take, laima ta ɗan shafe shi ne, da sauran amfani. Wanda ya ƙi, ko ya fashe ya zama ƙananan tsakuwoyi masu kaushi, ya riga ya sha ruwansa. (Ka sa safar hannu ko ka wanke hannu da wuri, siminti mai danshi yana cin fata.)

Akwai gwajin da nake so saboda ba ya ƙarya. Ka ɗebi gwangwani ɗaya daga tsohon, ɗaya daga sabon buhu da ka saya yau, ka kwaɓa kowanne da yashi iri ɗaya da ruwa daidai wa daida, ka zuba a robobi biyu, ka rufe da jiƙaƙƙen tsumma a inuwa. Washegari ka danna da farce. Bayan mako guda ka fasa su da guduma. Hannunka da kunnenka za su gaya maka bambancin: mai kyau yana ƙara kamar dutse, yana fashewa da kaifi, mataccen kuwa yana marmashewa. Ga mai babban aiki, sassan koyar da injiniyancin gine-gine a jami'o'i irin su ABU Zariya da Bayero a Kano da manyan kwalejojin fasaha suna da injin matse kankare. Ana zuba shi a ma'auni mai faɗin milimita 150, a murƙushe a kwana 7 da kwana 28.

Maginina ya ce ba komai, a daka gudajin a turmi a tankaɗe, gari ne dai. Gaskiya ne?

Alhaji, a nan nake son ka saurare ni da kyau, don a nan ne asarar buhu goma take komawa asarar gida. Dakakken gudaji ya yi kama da siminti a ido, launi ɗaya, amma ƙarfinsa ya riga ya ƙare a cikin buhu. Toka ce ba wuta ba. In ka zuba shi a kwaɓi, ƙura ka ƙara, ƙurar kuma ita ma za ta sha ruwa ta raunana abin da ya rage.

Ni kaina na taɓa faɗawa. Shekarun baya na ajiye buhu 40 a ɗakin da zai zama kicin, na shimfiɗa kwali kawai a ƙasa, na ce ai wata guda ne. Wata guda ya zama huɗu. Da muka zo sauke su, na ƙasan sun ɗauki siffar daɓen, har layin ɗinkin buhu ya fito a jikinsu kamar an zana. Zuciya ta ƙi yarda. Na sa yara suka daka, muka haɗa da sabo, muka zuba murfin sokawe da shi. Damina ɗaya ta wuce, na tsaya a kai ina alwala, na ji ƙasa tana motsi a ƙarƙashin ƙafata. Da na duba gefen murfin, da yatsa nake ɓantaro shi. Allah ya kiyaye ba yaro ba ne ya yi tsalle a kai. Sai da na fasa na sake zubawa, na biya kuɗin rodi da lebura karo na biyu.

Abin da nake yi yanzu shi ne kashi uku. Wanda ya fito garas, a yi kowane aiki da shi, kuma a fara da shi. Mai gudaji masu rugujewa da yatsa, a tankaɗe a rariya ba tare da an daka ba, a zubar da abin da ya tsaya a sama, a yi aikin da ba ya ɗaukar nauyi da garin: daɓen tsakar gida, dakalin ƙofar gida, shimfiɗar farko ta ƙasan rami kafin a zuba fandisho, kuma a ƙara yawansa a kwaɓi. Wanda ya sandare, ya bar layin siminti ke nan. Fila, linta, bim, dekin, matattakalar bene, murfin rijiya da na sokawe, duk abin da mutum zai tsaya a kai ko ya kwana a ƙarƙashinsa, sabon siminti kawai.

Wani magini zai ce maka ya sha yi ba abin da ya faru. Ka tambaye shi ko a gidansa ya yi.

Buhunan da suka zama dutse fa, sai dai juji?

A'a. Suna da nauyi, ruwa kuma ba ya cin su. A jera su a bakin kwata ko inda zaizaya ke cin gindin katanga, ko a fasa a yi ciko da su a ƙofar gareji.

Har tsawon wane lokaci zan iya ajiye siminti? Tsoron tashin farashi nake yi.

Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce wata uku daga ranar da aka cika buhun a kamfani, ba daga ranar da ka saya ba, don ba ka san kwana nawa ya yi a shagon dila ba. Da hunturu a Kano ko Sakkwato ko Zinder, inda iska take a bushe ƙamas, yakan wuce haka lafiya. Da damina, musamman a Jos ko Kudancin Kaduna ko Abuja, makonni kaɗan sun isa a wurin da ba a gyara ba.

Tsoron farashi gaskiya ne, ban raina shi ba. Amma siminti shi ne mafi munin abin da za ka ajiye kuɗinka a ciki. In kuɗi sun shigo aiki bai tashi ba, ka sa a buga maka bulo da shi. Bulo ƙara ƙarfi yake yi in ya sha ruwa. Ko ka sayi tsakuwa, tayil, ko kwano. Wasu suna biyan dila su bar kayan a hannunsa, su riƙa ɗiba daga sabon kaya in sun tashi. Yana yi, in dilan mai amana ne kuma an rubuta adadin buhu a takarda da shaidu, ba adadin kuɗi ba.

Dole ce ta sa zan ajiye. Yaya zan jera?

Ɗaga shi daga ƙasa kamar taƙi guda, santimita 15 zuwa 20, a kan katako da aka ɗora bisa bulo, ka shimfiɗa leda mai kauri kafin buhun farko. Bar rata tsakaninsa da bango yadda mutum zai iya ratsawa. Kada tsayi ya wuce buhu 10. Kowane buhu kilo 50 ne, na ƙasan yana ɗauke da kusan rabin tan. Matsa su jikin juna don iska ta rasa hanya, ka lulluɓe da tamfol har ƙasa, ka toshe taga. Wanda ya fara shigowa shi zai fara fita, don haka kada ka jibga sabo a gaban tsoho. Kwali da tabarma da buhun banza ba shimfiɗa ba ne, lagwani ne, su suke jawo laimar.

Rodina ya yi ja jawur da tsatsa. Na yi asara?

Galibi a'a. Jan da ke bin hannu kamar hoda, in ka goge ka ga ƙarfen da zanensa suna nan, ba ya cutarwa. Kankare ma ya fi kama irinsa da wanda yake sumul. Je ka kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Dei-Dei a Abuja, da wuya ka ga rodin da bai yi wannan jan ba.

Wanda ake tsoro shi ne mai ɓawo, wanda in ka buga shi a ƙasa tsatsar take zubowa falle-falle, ko ya yi ramuka kamar zanzana. A goge da burushin ƙarfe har sai an ga jikin ƙarfen, sannan a duba ko ya rame. Ga hanya mai sauƙi: rodi mai milimita 12 mita ɗaya tana da nauyin kusan gram 890, mai 16 kuma kusan kilo 1.58. Yanki mita guda daga inda ya fi lalacewa ka ɗora a sikeli. In ya gaza sosai, a sauke masa matsayi, wato mai 16 ya yi aikin mai 12, ko a yi ƙananan ayyuka da shi. Ɓawon da aka bari a jiki yana hana kankare kamawa, kuma tsatsa in ta ci gaba a cikin gini kumbura take yi ta ninka girman ƙarfen da ta ci, ta tsaga kankaren daga ciki. Duk linta da ka gani ta dare a tsaye da jan ruwa yana zubowa, labarin ke nan.

Rodin da ya kwanta cikin taɓo, a wanke lakar tas kafin a ɗaure. A ajiye shi bisa katako, ba a kan ƙasa cikin ciyawa ba.

In shafa masa baƙin mai don kada ya ƙara tsatsa?

Kul. Mai yana raba ƙarfe da kankare. Gara tsatsar.

Katakon rufi ya jiƙe, ya yi baƙi-baƙi, wasu sun lanƙwashe.

Kwance ɗaurin yau ɗin nan. Jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, bisa bulo, ka sa 'yan siraran sanduna tsakanin kowane layi, a daidai saitin juna, ka ɗora nauyi a sama. Kada ka baza shi a tsakiyar rana don sauri. Fuskar sama za ta bushe ta bar ta ƙasa, ya murɗe kamar igiya ya tsattsage. Kada kuma ka naɗe shi cikin leda ruf, nan ne fumfuna take samun gida.

Baƙin fumfuna da ke sama ana goge shi. Ruɓa ita ce matsala. Ɗauki ƙusa ko sukudireba ka soka: in ta shige ba gardama, ko katakon ya ɓare kamar busasshen burodi maimakon ya tsage da tsawo, a yanke wurin a yar. Duba ƙasan tarin da kyau, don inda laima take nan gara take, kuma takan cinye ciki ta bar fata. Maganin gara ba ya shiga jiƙaƙƙen katako, sai ya bushe ake shafawa. Wanda ya lanƙwashe kaɗan kafinta zai iya yanka shi gajeru ya yi tokara da shi. Falankin filawud da ya fara rabuwa falle-falle, da allon garin katako da ake yin kabad da shi in ya kumbura, ba sa komawa.

Iyayenmu da suke rufi da azarar giginya ba su san yawancin wannan wahala ba, amma yau ina giginyar.

Kwanon yana cikin bandir ɗinsa ban ko kwance ba, amma ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gishiri.

Rashin kwancewar ne ya jawo. Kwanon da ke kan rufi ruwa na dukansa ya bushe, ba ya komai. Wanda ke manne da ɗan'uwansa a cikin bandir, in ruwa ya shiga tsakani ba ya fita, iska ba ta shiga, sai ya ci farin rufin da ke kare ƙarfen. Raba su ɗaya-ɗaya, goge, jingina su a tsaye su sha iska. Farin da ya goge ya bar tabo kawai, a yi rufi da shi. Inda jan tsatsa ya ɓullo, kariyar ta ƙare a wurin. A shafa masa fentin hana tsatsa a kai shi rumfa ko ɗakin kaji. Na alminiyam ba ya jan tsatsa, sai dai tabon da ba ya fita. Ranar da za ka baza su ka lura da iska, kwano in ya tashi wuƙa ne.

Bulo da yashi fa?

Bulon siminti da ya riga ya kama ba ruwansa da ruwan sama. In ya narke a damina, tun asali ƙasa aka buga maka, ka gode wa ruwan da ya tona asiri kafin a ɗora. Farin kanwa-kanwa da ke fitowa in ya bushe, a goge da busasshen burushi. A bar shi ya tsane kafin a yi filasta. Tubalin ƙasa kuwa in gindinsa ya jiƙe ya koma inda ya fito, sai dai a sake kwaɓawa, wanda shi ne kyawunsa, ba a asarar ƙasar.

Yashi yana da wata dabara da leburori ba sa lura da ita. Mai danshi kumbura yake yi, har kusan kashi ɗaya cikin huɗu, don haka kwanon sarki ɗaya na jiƙaƙƙe bai kai na busasshe ba, kuma ya riga ya zo da ruwansa. A ɗan ƙara yashin, a rage ruwan kwaɓi. In kwata ta bi ta cikinsa, zuba kaɗan a kwalba da ruwa, girgiza, bari ya kwanta. Laka za ta taru a sama ka ga kaurinta.

Garin POP na yin silin, gam ɗin tayil, fenti?

POP ya fi siminti saurin mutuwa, in ya yi gudaji an gama. Gam ɗin tayil siminti ne a ciki, hukuncinsu ɗaya. Tayil kansa lafiya lau, kwalin ne ke narkewa, sai a kula wajen ɗauka kada gindin ya zube. Fentin ruwa in murfi bai buɗe ba yana nan; in ya yi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai ko ya tsinke ya ƙi haɗuwa, a rabu da shi.

Mu ambaliya ce ta shiga har gwiwa. Da me zan fara?

Wanda ya ga abin da ya faru a Maiduguri a Satumbar 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ya san ruwan ambaliya ba ruwan sama ba ne. Yana tafe da kwata da masai da mai. Kashe wuta kafin ka shiga, sa takalmin roba, ka yi hattara da maciji a cikin tari. Fara da simintin da ke sama da layin ruwa, fitar da shi, ka yi amfani da shi cikin 'yan kwanaki. Sai katako, sai kwano, don su ne kowace rana take ƙara musu lahani. Rodi da bulo da tayil za su jira. Soket, makunni da na'urar yanke wuta da suka nutse, kada a ce sun bushe a ɗaura. Laka tana maƙalewa a ciki, ranar da ake buƙatar ta yanke wuta ba za ta yanke ba. Ka ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, ko don mai kayan in ajiya aka ba ka.

Ni mai shago ne. Zan iya karya farashi in sayar da wanda ya taɓu?

Za ka iya, in ka faɗa. Ware shi gefe, ka ce wa mai saye ga abin da ya same shi, ga aikin da zai yi, ga wanda ba zai yi ba. Abin da ba ya halatta shi ne cusa biyu-uku a tsakiyar lodi, ko a sake wa dakakke buhu. Hadisin sananne ne: Manzon Allah (SAW) ya wuce wani tarin abinci a kasuwa, ya sa hannu ciki ya ji danshi, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, ya kuma ce mai algus ba ya tare da shi. Wancan abinci ne. Wannan kuwa rufin da 'ya'yan wani za su kwana a ƙarƙashinsa ne.

Kai kuma mai saye, ka tsaya a wurin sauke kaya. Taɓa kowane buhu yana saukowa daga mota, wanda ka yi shakka a mayar nan take. In mota ta tafi, gardama ce kawai za ta rage.

Aikin gama ya gama, an riga an zuba min dekin da irin wannan siminti. Yanzu fa?

Kada a cire katakon tokara, kada a ɗora bulo ko yashi a kai, kada kowa ya kwana a ƙasa. Ci gaba da ba shi ruwa safe da yamma. Bayan mako biyu ka ɗauki ƙusa mai inci 4 ka karce gefe da ƙarfi: in ta bar farin layi kawai, alama ce mai kyau, in ta yi rami yashi na zubowa, ko gefen yana ɓantarewa da hannu, akwai magana. Wannan gwajin na nuni ne kawai, ba ya wanke dekin. Nemo injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ba wanda ya zuba ba, kuma ba abokinsa ba. Suna da wata guduma ta awo da ake dannawa a jikin kankare, in ta kama kuma su huda su ciri ɗan yanki a kai ɗakin gwaji. Wani lokaci ƙarin fila ko bim a ƙasa ya wadatar, wani lokaci a ce a haƙura da bene a yi rufin kwano a kai, wani lokaci kuma sai an fasa. Ka gaya masa gaskiyar buhu nawa ne suka taɓu da ɓangaren da aka zuba su, don ya san inda zai fara dubawa.